Daddawa Marar Wari

Duk mai neman gidan Kulu mai daddawa a Ƙofar 'Yandaka ba ya buƙatar kwatance. Ka sauka a bakin titi, ka buɗe hanci ka bi shi, zai kai ka har zaure. Shekara ashirin da uku ke nan baiwar Allah tana dafa kalwa a gidan, ta rufe ta a wasu baƙaƙen kwanduna uku da ta gada wurin mahaifiyarta, bayan kwana uku ta buɗe, unguwa ta ɗauka. Da wannan warin ake ci a gidan, da shi aka aurar da ɗiya biyu. Daga Babbar Kasuwa har Ƙofar Durbi, in aka ce "ta Kulu ce," magana ta ƙare.

Mutum ɗaya ne tak warin ya tsaya wa a rai, shi ne mai gidan, Malam Ɗanliti.

Shi Malam Ɗanliti masinja ne a ɗakin gwaje-gwaje na wata babbar makaranta a bayan gari. Aikinshi wanke kwalabe, goge ƙasa, da sayo wa malamai ƙosai. Amma in ya dawo unguwa ya harɗe a bencin Ado mai shayi, sai ka rantse shi ke biya wa malaman karatu. Yana da wata farar riga irin ta likitoci da wani ɗalibi ya yar don ta ƙone a aljihu. Da ita yake zuwa aiki, da ita yake zuwa ɗaurin aure, har jana'iza an taɓa ganin shi da ita. Abin da ke ƙona mashi rai shi ne, duk wannan ilimi da yake ɗauke da shi, in ya shiga motar haya sai an sami wanda zai buɗe taga.

Wata Litinin yana goge ƙasa sai ya ji Dokta Madina, malamar da ke riƙe da ɗakin, tana yi wa ɗalibai bayani. Ta ɗaga wata kwalba mai ruwa ja-ja kamar shayin da ba a sa wa madara ba.

"Abin da kuke gani a nan azurfa ce," in ji ta. "Mun haɗa gishirin azurfa da ruwan ganyen bedi, wato dogon yaro, ta koma ƙwayoyi ƙanana ƙwarai. Ku tsaga silin gashi gida dubu, to kamar kaso ɗaya. Ƙanƙantar nan ita ce makaminta. Sai ta manne wa bakteriya, ta huda mata fata, ta shige ciki ta hana ta numfashi, ta dagula mata kayan ciki yadda ba za ta hayayyafa ba. Daga nan sai mutuwa."

Ta nuna masu wani farantin gilashi da ƙwayoyin bakteriya suka yi dafifi a kai. Inda aka ɗiga ruwan kuwa, fili ne fes a zagaye, ko ɗaya babu.

Wata ɗaliba ta ce, "Shi ya sa ake sa ta a bandeji da safa?"

"Shi ya sa. Ai warin ƙafa aikin bakteriya ne. Kusan duk warin ruɓa da kuka sani, su ne."

Ɗanliti ya daskare da tsumma a hannu. Au! Ashe wari ma yana da iyaye? Ashe ana iya kashe su? Dokta ta ci gaba da wani bayani da ya fara da "amma fa ku lura," sai dai tun da uwar Ɗanliti ta haife shi bai taɓa tsayawa ya ji abin da ke bayan "amma" ba. Hankalinshi ya riga ya tafi sito, inda ragowar ruwan gwajin ɗalibai ke ajiye cikin galan biyu ana jiran masu kwasa. Da aka tashi aiki, shi ya zama mai kwasar. Ya ɗaure su a bayan keke, ya taka yana waƙa.

Da safarshi ya fara. Ya jiƙa ta, ya shanya, ya sa ta kwana biyu. Ran nan da safe ya isa teburin Ado, ya tuɓe takalmi, ya miƙa ƙafa saitin Audu ɗan acaɓa.

"Audu, shinshina."

"In shinshina mi?"

"Ƙafata."

"A'uzu billahi! Malam Ɗanliti, ko karyawa ban yi ba. Mi na yi maka?"

Dole Audu ya ji tsoro, don ƙafar nan sananniya ce. In mai ita ya tuɓe takalmi a masallaci, sahu kan yi fili ta dama da hagu. Amma da aka matsa mashi ya shaƙa daga nesa, ya matso, ya ƙara matsowa, sai ya ɗago ido waje.

"Wallahi babu komi!"

"Ikon Allah," in ji Ado. "Halan ƙafar ce ta mutu?"

Ɗanliti ya gyara wuyan farar riga. "Ku dai ba ku san wanda kuke zaune da shi ba. Wannan somin taɓi ne. Nan da mako guda zan fito da abin da Bature ya kasa, Ɗan Sin ya kasa. Daddawa marar wari! A kwali za a sa ta. Balarabe zai zura ta a aljihu ya hau jirgi, na kusa da shi bai sani ba."

Audu ya ce, "To in ba ta wari, ta yaya za a gane daddawa ce?"

"Za a rubuta a jiki."

"Kulu ta sani?"

"Audu, ana shawara da mara lafiya kafin a yi mashi allura?"

Kafin babban aiki sai da ya ƙara gwaji ɗaya, kuma tsautsayi ya faɗa kan maƙwabciyarsu Safara'u, mai sayar da kindirmo. Ya tarar ta kife ƙorenta a kan dakali, ya yi ta zuba mata bayani har ta gaji ta ce ya yi abin da zai yi. Ya ɗauraye ƙoren da ruwan azurfa. Don alheri ya cika, ya ƙara da ludayi guda a cikin irin nonon da take zubawa a sabuwar madara don ta yi barci.

Madara dai ta ƙi barci. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku, tana nan tsululu ido biyu. Safara'u ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba, ƙwarya a hannu.

"Malam Ɗanliti, mi ka zuba mani? Diba nan! Ko ruwan wanki ya fi ta kauri!"

Ya leƙa, ya shaƙa, fuskarshi ta washe. "Allahu akbar! Safara'u, kin ga nasara kina kuka? Madara ta kwana uku ba ta lalace ba!"

"Lalacewar nake sayarwa, Malam! Lalacewar!"

"Rashin sani ya fi dare duhu."

"Allah ya isa tsakanina da saninka!"

Kulu na bakin murhu tana juya kalwa, duk ta ji. Sai da Safara'u ta fita sannan ta ajiye muciya ta dube shi.

"Malam, zo ka ji. Hajiya Ma'u ta ba ni aikin daddawar garar ɗiyarta. Buhu biyu na kalwa. Dangin angon daga Kano suke, ta ce tawa take so su ɗanɗana su san an zo Katsina. Gobe Laraba zan rufe, in wuce Rimi sunan ƙanwata, Asabar in dawo in buɗe. Sunana ne cikin kwandunan nan. Wallahi ka taɓa mani su, sai dai ka nemi wata Kulun."

"Haba Kulu! Ni da ke riƙe kwalaben gwamnati, mi zan yi da kwandonki?"

"Na dai faɗa maka."

"Ki tafi lafiya. Ko kallon ɗakin ba zan yi ba."

Bai kalli ɗakin ba kam, sai da ƙarar Keke Napep ɗin da ta ɗauke ta ta ɓace. Sannan ya naɗe hannun riga ya banka ƙofa. Kalwa na nan lulluɓe da buhuna, har ta fara ɗumi. Ya juye ta a tabarma, ya ɗaga kwando ɗaya yana yatsina fuska. Baƙi ƙirin, ga wani danƙo da ya cike ramukan saƙar. Kulu ba ta taɓa bari sabulu ya kusance su ba, kaɗewa kawai take yi ta shanya.

"Ga hedikwatarsu nan," in ji shi. "Yau kwananku ya ƙare."

Ya sa soso da omo ya dirje su har sai da kaba ta fito fara tas, abin da ido bai gani ba tun zamanin sulalla. Ya tsoma su a baho cikin galan guda na ruwan azurfa. Ɗaya galan ɗin ya tuttule a kan kalwar, ya cuɗa da hannu har gwiwar hannu, ya mayar, ya rufe yadda ya tarar. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana jin tausayin Kulu, irin murnar da za ta yi har ta rasa bakin godiya.

Washegari da rana ta taɓa hannuwan sai suka rine, suka yi baƙi-baƙi har farce. Ya wanke da sabulu, ya wanke da toka, ya goga lemun tsami, kamar ƙara masu ake yi.

"Barka da arziki," in ji Audu a teburin shayi. "Yaushe aka sa ka a lalle ba mu ji ba?"

"Tambarin kimiyya ne. Duk babban masani yana da shi."

"Dokta Madina na da shi?"

"Ita ai safar hannu take sawa. Tsoro gare ta."

Daga nan fa abin ya girmama. Ya yi hayar kujerun roba talatin da lasifika. Ya cire zanen gadon Kulu ya kai wa mai fenti, aka rubuta da manyan baƙaƙe: KAMFANIN DOKTA ƊANLITI, DADDAWA MARAR WARI. Ya gayyaci mai unguwa. Ya je har gida ya ce wa Hajiya Ma'u ta zo Asabar da hantsi ta ga abin da zai sa Kanawa su koma gida suna ba jikokinsu labari. Don ƙarfin hali, har Dokta Madina ya tare a bakin ofis ya ce yana da wani ɗan bincike da yake so ta zo ta ƙaru da shi. Ita kuwa dama tsohuwar mai sayen daddawar Kulu ce, ta ce to, za ta biyo ta karɓi tata.

Ranar Juma'a lungu ya yi wani iri. A ka'ida ranar ce wari ke fara leƙowa ta katanga, amma shiru. Wata mata da ta zo saye ta wuce ƙofar gidan sau uku, ta koma bakin titi tana tambaya ko su Kulu sun tashi. Ado ya ce shi shayinshi ma yau salam yake jin shi. Ɗanliti kuwa sai zagaye yake yana shaƙar iska yana cewa a yi mashi godiya tun yana raye.

Asabar da hantsi ƙofar gida ta cika. Mai unguwa na gaba da rawaninshi, Hajiya Ma'u da ƙawayenta na gefe sun sha mayafai, Safara'u ta zo musamman ta tsaya can baya ta harɗe hannu. Aka fito da kwanduna uku aka jera a kan tebur. Ɗanliti ya hura lasifika sau uku.

"Jama'a, shekara ashirin da uku ina haƙuri. Ku ma kuna haƙuri. Yau Allah ya kawo ƙarshen wahala ta hannun ɗanku. Duk wanda ya toshe hanci ya saki! Bismillahi!"

Ya yaye buhu.

Jama'a suka miƙa wuya. Kalwa ce dai, tana nan ƙwaya-ƙwaya yadda aka tsame ta daga tukunya, sai wani duhu-duhu da ta ƙara. Babu yauƙi, babu laushi, babu ɗumi. Hajiya Ma'u ta taso ta ɗebi kaɗan ta murza a yatsa, ta kai hanci, ta sake kaiwa.

"Malam Ɗanliti, ina daddawar?"

"Ga ta a hannunki, Hajiya."

"Wannan ai kalwa ce."

"Da can kalwa ce. Yanzu daddawa ce ta zamani. Ba ki ji ba ta wari ba?"

"Tsakuwa ma ba ta wari."

Audu ya ɗaga murya daga baya. "Dokta, ka lura ko ƙuda ɗaya bai halarci taron nan ba? Su ma sun san ba abinci!"

Aka kwashe da dariya. Ɗanliti ya ce a yi haƙuri, sai an kirɓa take nuna kanta. Aka kawo turmi. Ya zuba, ya ɗaga taɓarya da baƙaƙen hannuwanshi, ya sauke da ƙarfin shekara hamsin. Maimakon ta haɗe ta yi danƙo, sai kalwa ta yi tsalle ta watse ko'ina. Wasu suka faɗa cikin shayin Ado, wasu suka shige mayafin ƙawayen Hajiya, guda ta sami mai unguwa a gilashin ido, ƙwas!

"Kai, Ɗanliti! Taro ka kira mu ko harbi?"

"Ranka ya daɗe, ƙarfinta ke nan. Alamar lafiya ce."

Ya dumbuzo wadda ta rage a turmi ya dunƙula ya ɗaga sama don kowa ya gani. Yana buɗe hannu ta zube.

Daidai nan Dokta Madina ta iso. Ba taron ta fara kallo ba, ba zanen gado ba. Idonta ya sauka kan galan biyu da aka jera a ƙarƙashin tebur don ado, ga rubutun hannunta a jiki.

"Malam Ɗanliti, mi ya kawo waɗannan nan?"

"Yawwa, ga shaida ta zo! Dokta, faɗa masu. Azurfa na kashe bakteriya ko ba ta kashewa?"

"Tana kashewa. Kada dai ka ce mani a kalwar ka zuba."

"Har kwandunan na jiƙa. Ko ɗaya bai tsira ba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta dafe kai. "Bawan Allah, wa kake tsammani ke yin daddawar? Kulu dafawa take yi ta rufe. Sauran aikin duk na bakteriya ne. Su ke cin kalwar su tausasa ta, su ba ta yauƙi da ɗanɗano. Warin da kake gudu, warin aikinsu ne. Haka kindirmo, haka kamu. Ita azurfa ba ta tambayar wane ne mugu wane ne ma'aikaci, duk wanda ta samu ta huda. Ai na faɗa ran nan kana tsaye da tsumma."

"Lokacin na ɗan fita."

"Ba ka fita ba. A gabana kake."

Ta karɓi lasifikar daga hannunshi ta ce kada wanda ya kuskura ya kai kalwar nan baki, ko akuya kada a ba, ruwan gwaji ne ba na ci ba. Kalwar da kwandunan da ƙoren Safara'u duk za a kwashe a mayar makaranta. Daga can bayan taro aka ji Safara'u ta rangaɗa guɗa, ba ta murna ba, ta "ai na faɗa."

Guɗar ba ta sauka ba Keke Napep ta tsaya. Kulu ce. Ta sauko da ƙullin kayanta, ta tsaya, ta ɗaga hanci sama. Ta dubi zanen gadonta a rataye da fenti. Ta dubi kalwa warwatse a ƙasa. Jama'a suka dare mata, ta taka har gaban tebur ta ɗauki kwando ɗaya, fari tas, ta juya shi, ta kifa fuskarta a ciki ta shaƙa. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago, hawaye ne shaɓe-shaɓe.

"Warin innata ne a cikin nan," in ji ta. "Shi kaɗai ya rage mani nata."

Dariya ta ɗauke ɗif.

Hajiya Ma'u ta gyara mayafi. "Kulu, ki yi haƙuri, na san ba laifinki ba ne. Amma jibi za a kai gara. Dole in shiga kasuwa in sayi duk wadda na samu." Ta wuce, ƙawayenta na kakkaɓe kalwa daga jiki.

Dokta Madina ta ce, "Litinin ka same ni a ofis. Kuma cire rigar nan." Ya cire. Singiletin da ke ƙasa ta fi rariya ƙofofi.

Kulu ko cikin gida ba ta shiga ba. Ta ɗauki ƙullinta ta koma wurin mai Keke Napep.

"Kulu, tsaya mana, a yi magana ta ilimi..."

"Ina gidan Gwaggo Binta a Ƙofar Durbi. Ka so gida marar wari, ga shi nan, ka zauna. Ranar da na tsaya a bakin titi na jiyo warin gidana, ranar zan dawo."

Kwana biyu Ɗanliti na zaune a gida mai tsafta, ba hayaƙi, ba tuwo, ba mai ce mashi sannu. A ofis an ba shi takardar gargaɗi an raba shi da makullin sito. A unguwa yara na ganin shi sai su toshe hanci don tsiya. Abin duniya ya ishe shi. A rana ta uku ya kai kekenshi Babbar Kasuwa ya sayar, ya dawo a ƙasa da rabin buhun kalwa a kai, sannan ya nufi Ƙofar Durbi.

Gwaggo Binta, ƙanwar mahaifin Kulu, ta bar shi durƙushe a zaure har ƙafarshi ta yi tsami kafin ta fito. Aka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi aiki, ta tambayi Balaraben da zai hau jirgi da daddawa.

"Gwaggo, taimako na zo nema."

"Na mi? Ni jahila, mi gare ni da zan ba Dokta?"

Ya sunkuyar da kai. "Ƙwayoyin nan. An ce kina da tsohon kwando."

"Ƙazantar tawa kake so?"

"Ita, Gwaggo."

"Ɗaga murya, kunnena ya tsufa."

"Ƙazantar nake so!"

Daga cikin gida aka ji wata ta yi tari irin na mai danne dariya. Gwaggo ta fito mashi da kwando ɗaya da buhu biyu, baƙaƙe, masu wani irin tashi da ya sa idonshi ya kawo ruwa. Ta ce tare aka saƙa shi da na innar Kulu, in ya bari ko ruwan sama ya taɓa shi ita da kanta za ta zo.

A bakin titi ya tare Audu. Audu ya rage gudu, iska ta kaɗo, ya ƙara wuta.

"Audu! Ni ne fa!"

"Na gane ka, Dokta! Sa shi a aljihu ka hau jirgi!"

Haka ya ratsa gari da kwando a ka, rana tsaka, mutane na dare mashi hanya.

Sai aiki. Ashe dafa kalwa yini guda ne cur a bakin wuta. Ashe surfe ba a yin shi da baki. Safara'u ta leƙo ta katanga tana ba shi umarni, rabi koyarwa rabi ramuwa: "Ƙara wuta! Ba haka ake riƙe taɓarya ba! Wanke ta sake, malamin kimiyya!" Hannuwan da ke baƙaƙe suka ƙara da kanta. Da ya tsane ta ya zuba a kwandon Gwaggo ya lulluɓe, sai da ya tofa mata duk addu'ar da ya sani.

Daga nan ya kafa doka. Ya kwashe duk sabulun gidan da omo ya kai wa Ado ajiya. Ya hana shara. Shi kanshi ya daina wanka, alwala kawai, kada ƙamshin sabulu ya firgita baƙin da ya sha wahalar ɗaukowa. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin, bini-bini ya kai hanci ramin makulli yana magana ƙasa-ƙasa: "Ku ci, 'yan albarka. Ku hayayyafa. Gidanku ne. Wanda ya yi maku laifi ya tuba."

Rana ta farko shiru. Rana ta biyu shiru, har ya fara zargin ko sun ji labarinshi. Ranar ta uku bayan la'asar, yana gyangyaɗi, wani abu ya doki hancinshi. Ya zabura. Ya sake shaƙa. Ya fito lungu a guje ba takalmi.

"Ta yi wari! Jama'a, ta yi wari! Alhamdu lillahi, ta ruɓe!"

Ya roƙi Audu, don girman Allah, ya je Ƙofar Durbi ya faɗa. Shi kuma ya ɗauko faifai ya tsaya a zaure yana fifita iskar gidan zuwa bakin titi da hannu bibbiyu, gumi na zuba.

Kafin magariba Kulu ta sauka a bakin titi. Lungu kaf aka fito. Ta tsaya, ta rufe ido, ta shaƙa. Ɗanliti ya matso kusa da ita yana murmushi.

Ta buɗe ido ta ja da baya. "Wannan ba warin daddawa ba ne."

Faifai ya faɗi daga hannunshi. "Kulu, wallahi..."

"Naka ne. Kwana nawa rabonka da wanka?"

"Uku. Don kada in tsorata su."

Ta kewaye shi ta nesa ta shige gida, shi da rabin unguwa na biye. Ta buɗe ɗakin, ta ɗaga gefen buhu, ta lakato kaɗan ta murza. Yauƙi ya biyo yatsanta. Ta kai hanci, sannan ta mayar da buhun a hankali ta danna gefenshi. Ta cire mayafinta ta rataye a igiyar shanya.

"Gobe da safe za a kirɓa. Kai za ka kirɓa. Yanzu je ka karɓo sabulu ka yi wanka."

"Da sabulu? Kulu, ba za su mutu ba?"

"Naka su mutu, Malam. Nawa nake tattali."